Baffa Ɗanmaliki Ya Ci Iyakar Dahomi

Ina ɗan shekara shida babana ya rasu, uwata kuwa ta riga shi da damina biyu. Ya bar mini awaki bakwai, jaki ɗaya, kwalekwale, babbar riga ta saƙi, gona guda, da kuma ƙanensa Ɗanmaliki. A cikin wannan gado duka, Baffa Ɗanmaliki ne kaɗai ban taɓa jin tsoron zai ɓace ba.

Ranar sadakar uku ya ɗaga ni sama a gaban mutanen Tungar Ɗanliti, ya rantse cewa maraicin Bunyaminu ya ƙare, dukiyar maraya kuma sai ta bunƙasa a hannunsa. Awakin ya fara bunƙasawa. Ya kora su kasuwar Lolo ya musanya su da wani rago da aka ce masa daga Masar aka kawo irinsa, ragon ya mutu a hanyar gida. Kwalekwalen ya loda masa gishiri zai kai Yawuri, Kwara ta shanye gishirin ta haɗa da jirgin. Jakin kuwa aro ya ba wani baƙo, don kawai baƙon ya kira shi Alhaji. Rigar ce ba ta je ko'ina ba, saboda kullum tana jikinsa.

Dogo ne siriri, mai muryar da ake ji daga bakin rafi. In ya zauna a majalisa, ya je Ikko, ya je Kumasi, yana jin yare bakwai har da Faransanci. Duk tunga an san iyakar tafiyarsa Yawuri, ita ma da ƙafa ya dawo. Ba zan ce mugu ba ne. Bai taɓa cin tuwo ina da yunwa ba, kuma shekarar da na yi ƙyanda a bayansa na warke. Sai dai mugu ana iya gudunsa. Wanda yake ƙaunarka da gaske, kansa kuma cike da dabara, shi ne ban san maganinsa ba.

Da na kai shekara goma sha bakwai, gonar kaɗai ta rage. Mai garinmu ya riga ya faɗa a gaban shaidu cewa da an girbe geron bana zai damƙa mini ita a hannuna. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki, domin ban da wannan gona ba ni da abin da zan nuna in ce na ubana ne. Tana can yamma da tunga, ita ce gona ta ƙarshe a ƙasarmu. A gefenta na yamma akwai wani turken siminti, tsayinsa zuwa ƙugun mutum, da lamba a kansa, wanda Turawa suka kafa tun kafin a haifi babana. Daga turken sai ƙasar Dahomi, sai gonar Gaji, wani dattijon Badande abokin babana, mai fadamar shinkafa da kowa yake wa kallon sha'awa. Tsakanin gonakin biyu layin gamba ne, kamar na kowa.

Ana cikin watan Agusta na shekarar 1960, gero ya fara fitar da kai, Baffa ya dawo daga kasuwar Lolo yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

"Sabuwa! Bunyaminu! Ku taho ku ji abin da masu hankali ka samowa kasuwa."

Inna Sabuwa, matarsa, ta leƙo daga madafa. "Ina gishirin da nic ce ka sawo?"

"Ana zancen ƙasa kina zancen miya. Hwaransa ya tahi! Dahomi ta samu mulkin kai. Ingilishi kau shina ɗaurin kaya, wata biyu yar rage mai. To in tambaye ku, turken can na bakin gonar Bunyaminu, wa yak kahwa shi?"

"Nasara," na ce.

"Madalla. Yanzu wa ka tsaron shi?"

Bai jira amsarmu ba.

"Babu! Mai wancan gehen ya tahi, mai wanga gehen hankalinai na bisa jirgi. To in maƙwabcinka ya yi tahiya yab bar gona, mi manomi ka yi?"

"Shi tsare mai amana," in ji Inna Sabuwa.

"Shi ci iyaka!"

Cin iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomi yakan sa hauya ya shafto kunya ɗaya daga gonar maƙwabci bana, baɗi ya ƙara wata, ya dasa gamba a sabon wuri, sai bayan shekara ashirin a tashi da rigima. Abu ne da ake yi a ɓoye, sannu a hankali, mutum yana yi yana gaida maƙwabcin da fara'a. A ganin Baffa, iyakar Najeriya da Dahomi ita ma gamba ce, an dai yi ta da siminti ne don Nasara ba shi da haƙurin dashe. Shirinsa shi ne a tumɓuke turken, a kai shi gindin wata tsamiya taki ɗari uku cikin Dahomi, fadamar Gaji ta faɗo cikin gonata.

"Kai ka samu shinkahwa, Najeriya ta ƙara hwaɗi, ni kau in anka tashi rabon sarauta a san wa za a ba Sarkin Iyaka."

Na ce, "Baffa, don Allah, gonag ga ta ishe ni hakanan."

Ya dafa kaina. "Shi ya sa Allah yab ba ka ni, ɗana. Maraya ba shi da buri."

Da wani ne, ko da zai yi wannan wauta sai ya yi ta shi kaɗai. Baffa kuwa abin da ba a gani ba bai faru ba. Sai ya kira gayya. Ya bi gida gida yana gayyatar samari aikin ƙasa, ya ɗauko Kanta makaɗin noma, ya sa Inna Sabuwa ta daka ragowar dawar da ke rumbu ta yi fura da tuwo. Ya je ya gaya wa mai gari. Mai gari ya dube shi ya dube shi, ya ce shi bai ji ba, bai gani ba. Ranar gayyar kuwa shi ya riga kowa shimfiɗa buzu a inuwa.

Tungar ta kwashe kaf ta nufi gonata. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, har makahon garin ya ce a ja shi ya ji da kunnensa. Daga wancan gefen ma Dandawa sun ji labari sun fito, suka jeru a kan kunyar Gaji. Shi Gajin yana zaune a kan ɗan kututture yana ɓare goro, ko a jikinsa.

"Ɗanmaliki, lahiya kat tara muna jama'a?"

"Lahiya lau. Ƙasarku muka son ragewa kaɗan, ta yi maku yawa."

"To. Ina za a kai turken?"

"Tsamiyar can."

Gaji ya waiga ya dubi tsamiyar. "Da ka ƙara gaba kaɗan ka haɗa da gidana. Matata ta daɗe tana son zuwa Najeriya, ƙahwa ta hana ta."

Aka kwashe da dariya gefe biyu. Baffa ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga hannu. Kanta ya saki ganga yana yi masa kirari, giwa mai ture turke, na Sabuwa mai raba ƙasa da ƙasa. Baffa ya naɗe hannun rigar babana, ya tofa yawu a tafi, ya karɓi galma ya ce a ba shi wuri, sara uku ne. Sara na farko ya sauka a kan simintin, bakin galmar ya lanƙwashe. Na biyu ƙotar ta tsage. Bai yi na uku ba, ya ce shugaba nuni yake yi, samari su ci gaba.

Samari suka shiga haƙa. A zaton Baffa turken dasa shi aka yi kamar rogo. Aka haƙa zuwa idon sawu, siminti. Aka haƙa zuwa gwiwa, siminti, ga shi ƙasan ya fi saman faɗi. Rana ta take, fura ta ƙare, ramin ya kai ƙugu, sannan aka ga gindinsa. Mutum goma sha biyu suka sa kafaɗa da kiran sunan Allah, turken ya yi wani nishi ya kwanta a cikin gerona, ya danne abin da ya kai dami biyu. Ni ina tsaye ina kallon kan geron da ya karye.

"Ku ɗauka!" in ji Baffa.

Aka ɗaga, bai motsa ba. Aka sa itace a ƙarƙashi, itacen ya karye. Wani saurayi ya ce shi dai an gayyace shi noma ne, ba ɗaukar dutse ba. Makaho ya tambaya ko an isa tsamiyar, aka ce masa tukuna, ya ce to shi a ganinsa da asuba an fi kusa da ita.

Baffa ya ce duk wannan yana cikin lissafinsa, ya aika a kira Ardon rugar da ke gabas da tungarmu, a ce ya zo da takarkarinsa. Ardo ya zo yana jan wani jibgegen sa baƙi mai ƙaho kamar rassan kuka. Ya tsaya ya dubi turken, ya dubi taron, ya dubi ganga.

"Ɗanmaliki, in gaya ma gaskiya. San ga abu biyu garai. Ba shi son kiɗi, kuma in ya hirgita hanya guda yas sani, ta gida."

"Ardo, ni da nik kora giwa Kumasi za ka koya ma sa?"

"Ni dai na hwaɗi."

Aka ɗaura igiyar rama riɓi huɗu a wuyan turken, aka ɗaura wa san, aka juya kansa yamma wajen tsamiya. Har nan abin yana kama da zai yiwu, kuma na ga fuskar Gaji ta ɗan canja. Amma Baffa ya dubi jama'a ya ga ba shi suke kallo ba, sa suke kallo. Wannan kuwa ba zai jure ba. Sai ya tattare riga ya haye turken ya zauna ɗare-ɗare, ya ce ba a shiga ƙasar da aka ci da yaƙi a ƙasa.

"Malam, sauka," in ji Inna Sabuwa. "Sauka tun kana da haƙora."

"Kanta! Kiɗi!"

Kanta ya dubi Ardo. Ardo ya ja da baya. To, makaɗi da mai gayya yake, ba da mai sa ba. Ya ɗaga gula ya sauke.

San ya yi tsalle ɗaya ya juyo, igiya ta share ƙafafun mutum uku, ya sa kai gabas. Turken ya bi shi, Baffa ya bi turken, ya rungume shi hannu da ƙafa yana ihu. Ta tsakiyar gonata suka bi. Ina ganin gero yana kwantawa layi guda, hanya ta buɗe wadda mota za ta iya bi. Hular Baffa ta tsaya a Dahomi, takalminsa ɗaya a tsakiyar gona. Kanta kuwa don ruɗewa bai daina kiɗa ba, ya bi su a guje yana bugawa, san yana ƙara wuta.

"Ba can ba! Yamma! Yamma nic ce!" Baffa yake yi wa sa bayani.

A gefen gonata na gabas akwai wata ƙorama mai laka, daga ita sai hanyar tunga. San ya tsallake. Turken bai iya tsalle ba. Gindinsa ya faɗa lakar ya nutse, igiya ta ja kansa ya miƙe tsaye cak, sannan ta tsinke. Baffa ya yi sama ya sauka a tsallaken ƙorama da fuska. San ya wuce ruga da guntun igiya.

Muka iso muka tarar da turken a tsaye, lambarsa a sama, kamar tun farko can Nasara ya kafa shi. Baffa ya taso baƙi ƙirin da laka, rigar babana ta rabe tun daga wuya har ƙasa. Wannan rigar ce na fi jin ciwonta a lokacin, fiye da geron. Kowa ya tsaya yana duban turken, yana duban gonata da ke yamma da shi. Gaji ya iso a hankali da sandarsa, ya tsaya kusa da ni, ya miƙo mini goro.

"Bunyaminu, sannu da zuwa ƙasarmu. Ka sha hanya."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai gari da bai ji ba bai gani ba, sai da aka riƙe shi. Inna Sabuwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina gode ma Allah gona ba ta ɗaukuwa zuwa kasuwa. Ashe kai har wata ƙasa kana iya kai ta."

Baffa ya tofar da laka. "Ku ba ku san yaƙi ba. Rago in za shi karo, baya shika ja."

Ya ce a ciro turken yanzu yanzu. Samari suka ce tuwon gayya ya ƙare, gayya ma ta ƙare. Ardo ya ce ko da saniya goma ba zai sake ba da sansa ba. Aka bari sai gobe. Kafin goben aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka ta ƙara haɗiye turken ta riƙe shi gam.

Da hantsi sai ga jandarma, ɗan sandan Dahomi, daga wancan gefen, a kan keke, da gajeren wando da hula mai baki. Aikinsa ne duk mako ya zo ya duba turken ya koma. Ya iso inda ya saba ya tarar da rami cike da ruwa, sai ya bi hanyar da aka share masa cikin gerona har bakin ƙorama. Labari ya kai ga hakimi, aka turo ɗan doka da jar hula daga namu gefen. Kafin azahar tunga ta sake taruwa, wannan karon ba ganga.

Baffa ya ture mutane ya fito gaba cikin rigar da Inna Sabuwa ta yi wa ɗinkin gaggawa. "Ku bar ni da shi, yarensu a bakina yake."

Jandarma ya yi wata doguwar magana da Faransanci yana nuna turken.

"Wi," in ji Baffa.

Ya ƙara wata yana nuna Baffa.

"Wi, wi."

Ya ƙara ta uku, ya ciro ankwa daga ɗamara.

"Wi," in ji Baffa, amma muryar ta ragu.

Sai jandarman ya juya da Hausa garau, wadda ta fi ta Baffa daɗi. "Na tambaye ka kai kat tumɓuke, ka ce i. Na ce ka san laihi na, ka ce i. Na ce ka yarda in tahi da kai, ka ce i. To miƙo hannu."

Ban san Baffa yana da sauri haka ba. Tsalle ɗaya ya tsallake ƙorama ya laɓe a gabas da turken. Jandarma ya bi shi har gindin simintin, ya tsaya cak kamar an ja masa linzami.

"Mi yah hana ka kama shi?" in ji mai gari.

"Aikina ga turke yat tsaya. Ni ban auna ƙasa ba. Waɗanda sunka auna sun tahi da takardunsu. Abin da anka ce min shi na, inda turke yake nan ƙasarmu ta ƙare."

Aka dubi ɗan doka. Ya gyara hula ya ce shi ma haka aka gaya masa, kuma ba wanda ya isa ya taɓa turken hukuma sai takarda ta fito daga manyan can da manyan nan. Aka tambaye shi yaushe takardar za ta zo. Ya ce manya yanzu suna fama da shirin bikin mulkin kai.

Baffa ya leƙo daga bayan turken, fuskarsa ta washe. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Ban ce maku iyaka na tahiya ba? Wa yac ce ƙarya nika yi? Dabara ta yi, sa na yab ɓata ta!"

Jandarma ya nuna shi da ankwa. "Kai kau, ranar da ƙahwarka ta ƙetare turken ga, ko da yatsa guda, gidan kaso za ka kwana. Na rubuta sunanka, na kau gane tsawonka."

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na matsa gaban mai gari na durƙusa. "Ranka shi daɗe, gonata fa? Ka ce in an girbe."

Dariya ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana shafa gemu. "Bunyaminu, ni ikona ga ƙasata yake. Ƙaƙa za ni ba ka abin da yanzu ba shi cikin ƙasata?"

Shekara goma sha ɗaya ina kallon kayan ubana suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ban yi kuka ba, ina cewa ai gona tana nan. Ranar a gaban mata da yara na yi kuka da hawaye, ban ji kunya ba. Garin neman ƙiba an samo rama, kuma ba wanda ya nemo ƙibar ne ya rame ba.

Sai Gaji ya yi gyaran murya. Ya yi wa jandarma magana da Dandanci, suka ɗan yi musu, jandarman ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya juyo gare mu.

"Ni da uban yaron ga akushi guda munka ci. Turke ya tashi, amma gamba na nan inda take, ni kau gamba nis sani. Gobe in kai shi gaban mai garinmu, in shaida gonar ubanai ta, a damƙa mai. Shi shiga shi hita, ba mai tambaya tai. Wanda anka hana dai shi anka hana."

Jandarma ya hau kekensa, ɗan doka ya kama hanya. Da suka yi nisa, mai gari ya yafito ni, ya rage murya, ko da yake duk taron yana ji.

"Ga wata shawara. Takardar ga ni da kai mun san ba ta zuwa. In rani ya yi laka ta bushe, samari ashirin sun isa su mai da turken raminai, ba ganga ba gayya. Gona ta komo gida, in ba ka da hannuna. Gonarka ta, kai ka cewa."

Kafin in buɗe baki Baffa ya riga ni. "Haka za a yi! Ranka shi daɗe, bakinka da nau guda. Don ni, tun ina bisa turken ga ina tahiya nig gano wani abu. Gero aikin talaka na. In ta komo, sai mu tuge shi duka, mu buɗe ƙoramag ga ta cika gonar da ruwa, mu zuba kadoji. Kun san nawa Nasara ka sayen hwatar kada? Ɗana, ka bar min komi a hannuna."

Na dube shi. Laka ba ta gama fita daga kunnensa ba, idonsa yana ƙyalli da ƙauna da sabuwar dabara. Na dubi turken. Na dubi gonata a bayansa, da hanyar da aka share a tsakiyarta, da sauran geron da ya tsira yana kaɗawa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a bar shi inda yake. Ka ji abin da ɗan doka yac ce. Ba a taɓa kayan hukuma."

Mai gari ya dube ni, ya dubi Baffa, ya sa hannun riga ya rufe baki. Inna Sabuwa ta ce, "Alhamdu lillahi, gidan ga ya hidda mai hankali."

Washegari Gaji ya cika alkawari. Satin da aka yi bikin mulkin kai, yaran makaranta suna yawo da ƙananan tutoci a Lolo, ni ina cikin gonata ina yankan gero, ba mai ce mini ga yadda ake yi a Kumasi. Dami talatin da huɗu na ɗaure, duk da ɓarnar sa.

Baffa bai yi fushi ba, shi ba ya riƙo. Kullum da safe yakan zo ya shimfiɗa buzu a gabas da turken, ya tanƙwashe ƙafafu da kyau kada yatsa ya zarce, ya yi ta ƙwala mini umarnin da iska take kwashewa. Duk wanda ya wuce a hanya sai ya tsai da shi.

"Ka ga wancan? Ɗana na. Ni nir rene shi, ni nik kai shi ƙasar waje. Duk tungag ga wa yat taɓa yi ma maraya haka?"

Ranar da na gama ɗauri, na zaɓi damin da ya fi kowanne girma na ɗauko a ka har bakin ƙorama. Ya miƙe tsaye, ya waiga hagu da dama ko jandarma yana kusa. Na miƙa masa ta kan turken, ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka, ƙafafunsa duka biyu a Najeriya.